Dashen ƙoda: Kada aljihu ya zaɓa wa majinyaci magani

Tun daga shekarar 2000 da aka fara dashen ƙoda a Najeriya, a asibitin St. Nicholas da ke Legas, hankalin jama'a ya fi karkata ga ranar tiyata. A tara gudummawa, a samu ɗan'uwan da zai ba da ƙoda, a yi murna. Alhali tsugune ba ta ƙare ba, domin jiki na kallon sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, kuma zai yaƙe ta muddin ba a ci gaba da danne garkuwarsa da magani ba.

Galibi likitoci kan haɗa magunguna uku, kowanne da amfaninsa da illarsa. Na farko shi ne takrolimus ko saiklosforin. Wani babban bincike mai suna Symphony da aka wallafa a 2007 ya nuna takrolimus ya fi hana jiki ƙin ƙodar, sai dai ya fi janyo ciwon suga, karkarwar hannu da zubewar gashi. Saiklosforin kuwa yana kumbura dasashi, ya yawaita gashi, ya ta da hawan jini. Dukansu biyu na iya lahanta ƙodar da suke karewa idan suka yi yawa a jini.

Na biyu shi ne maikofenolet ko azatiyofirin. Maikofenolet ya fi ƙarfi, amma yana sa gudawa, yana kuma nakasa ɗan tayi, shi ya sa ake mayar da mace mai neman haihuwa kan azatiyofirin. Na uku, firednisolon, yana da araha, amma yana ƙara ƙiba, ya raunana ƙashi.

Ke nan babu haɗin da ya dace da kowa. Kamata ya yi shekarun majinyaci da cututtukan da yake ɗauke da su su yanke hukunci. Ko tarin fuka, wanda ya yi katutu a Najeriya, yana sauya lissafi, domin maganinsa rifamfisin yana rage takrolimus a jini.

Abin takaici shi ne, sau da yawa aljihu ke yanke hukuncin. Iyalin da suka sayar da gona don tiyata sukan koma magani mai araha, ko su tsallake gwajin jini, ko su rage ƙwayoyi don su kai ƙarshen wata. Sakamakon shi ne komawa wankin ƙoda, sadaukarwar ɗan'uwa ta tafi a banza.

Amurka ta taɓa dakatar da biya wa wasu majinyata waɗannan magunguna bayan wata 36 da dashe, amma daga 2023 ta janye wa'adin ga marasa wata inshora. Ya dace Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa hurumi, ta ɗauki nauyin magungunan da gwajin jini muddin ƙodar na aiki. Hakan zai bar zaɓin magani a hannun likita da majinyacinsa.