Ciwon dajin mama: sabon bincike da abin da ya rataya a wuyanmu

Ciwon dajin mama, wanda wasu ke kira sankarar nono, shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano shi a jikin mata miliyan 2 da dubu 300, kuma mata 670,000 ya yi ajalinsu. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 9 cikin 10 suna nan da ransu shekara 5 bayan an gano ciwon. A Afirka ta Kudu kuwa, 4 ne kacal cikin 10. Babban dalilin wannan rata shi ne jinkirin zuwa asibiti da ƙarancin kayan aiki.

Yaya ciwon ke yaɗuwa?

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani. Ciwon daji yana farawa ne idan wasunsu suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su zama ƙullutu. Haɗarin yana ƙaruwa idan suka bi jini suka sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta.

A cikin ɓargo akwai wasu da ake kira ƙwayoyin asali, waɗanda aikinsu gyaran jiki ne idan ya ji rauni. A shekarar 2007, masana a ƙarƙashin Robert Weinberg a Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa ƙullutun daji yana iya juya waɗannan ƙwayoyi su zama mataimakansa, su sauƙaƙa masa yaɗuwa. Manomi ya san irin wannan: ƙuduji yana manne wa saiwar gero ya sha abincin da aka tanada domin zangarniya.

Ɗan allon gwaji

Ɓera ba mutum ba ne, kuma kusan magunguna 9 cikin 10 da ake fara gwadawa a jikin mutane ba sa kai labari. Saboda haka masana suka ƙera wani ɗan allo na roba, garai-garai kamar gilashi, wanda bai kai kwalin ashana girma ba. A cikinsa akwai magudanai sirara kamar silin gashi. Ana zuba ƙwayoyin jikin mutum a ciki, a riƙa tura musu ruwan abinci, kamar yadda mai lambu a fadamar Korama ke kora ruwa daga fangali zuwa fangali. Daga nan sai a sa madubin likita a kalli abin da ke wakana.

A 2010 aka bayyana allon da ke kwaikwayon huhu a Jami'ar Habad. A 2014 da 2015, masanan cibiyar MIT da abokan aikinsu na Italiya suka haɗa allon da ke kwaikwayon jijiyar jini da ƙashi. Sun ga ƙwayoyin dajin mama suna ratsa jijiya, kuma sun fi shiga sashen da ya yi kama da ƙashi fiye da wanda ya yi kama da tsoka. A Disamba 2022 Amurka ta yi dokar da ta cire tilascin gwada kowane sabon magani a jikin dabbobi, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan hanyoyi.

Ina iyakar amfaninsa?

Na farko, allon kayan bincike ne, ba ya warkar da kowa. Duk wanda ya zo da garin magani ko ruwan kwalba yana cewa na ƙwayoyin asali ne mai kashe daji, a yi hattara da shi.

Na biyu, yawancin ƙwayoyin da aka daɗe ana gwaji da su daga jikin Turawa aka samo su. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya a Jami'ar Shikago, ya nuna cewa a Najeriya da Senegal an fi samun irin dajin da ba ya jin wasu magungunan da ke yi wa Turawa aiki. Ke nan sai an sa ƙwayoyin matan Afirka a cikin gwajin kafin amfaninsa ya cika a gare mu.

Halin da ake ciki a Nijar

A 2007 gwamnati ta ayyana kula da ciwon dajin mata kyauta. A 2021 aka buɗe sashen gashi da haske na farko a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai macen da ke Bande ko wani ƙauyen Dungas takan fara da likitar garinsu, a tura ta Magarya, daga can Damagaram, sannan Yamai mai nisan kilomita kusan 900 daga Damagaram. Kuɗin mota, da masauki, da barin gida da gona, duk a wuyan iyali suke.

Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun ciwon yana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, kuma kashi 80 cikin 100 su gama shan magani. Na farko daga cikinsu a cikin gida yake farawa.

Me ya kamata mu yi?

1. Mace ta san yadda mamanta yake. Idan ta ji ƙullutu a mama ko a hamata, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo, ta je likita ba da ɓata lokaci ba, ko da babu zafi.
2. Yawancin ƙullutai ba daji ba ne, amma gwaji kaɗai ke bambancewa. Kada a yi tsaga ko sakiya a wurin.
3. Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Kada a guji mai fama da shi.
4. Maigida ya ba da izini da guzuri, ya kuma yi rakiya.
5. A adana takardar turawa, a karanta ranar komawa, kada a yanke magani a tsakiya.

Mai karatu, ka karanta wa na gida wannan bayani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.