Tsutsar Atlas ba ta cancanci feshi ba

A dazuzzukan Indiya, kudancin Sin, Malesiya da Indonesiya akwai wani malam-buɗe-littafin dare da ake kira Atlas, wanda faɗin fukafukansa kan kai santimita 24. Ja ne mai sirkin ruwan ƙasa, kowane fiffike yana da tabo mai kusurwa uku da haske ke ratsawa, ƙarshen fukafukan gaba kuma ya lanƙwashe tamkar kan maciji. Kowa yana yaba shi idan ya girma, amma da mai lambu ya ga tsutsarsa a kan lemo ko gwaiba sai ya ɗauko maganin feshi. A ganina wannan kuskure ne, domin babban ba shi da bakin cin abinci. Kitsen da ya tara yana tsutsa shi yake ƙonawa a mako ɗaya ko biyu da suka rage masa, ba ya komai sai neman mace, wadda yake jin ƙamshinta daga nesa. Ita kuma ta sa ƙwai a ƙarƙashin ganye, bayan kamar mako biyu su ƙyanƙyashe. Wanda ya kashe tsutsa ya kashe zuri'ar ne tun daga tushe.

Za a ce tsutsar tana ɓarna, kuma gaskiya ne, don takan kai santimita 11, cinta ma ba na wasa ba ne. Sai dai girman nan nata ya sa ba ta ɓuya, ana iya tsince ta da hannu a mayar kan wata bishiya. Feshi kuwa ba ya zaɓe, har ƙudan zumar da ke taimaka wa lemon yin 'ya'ya yake hallakawa. Wasu za su ce jinsin bai kusa ƙarewa ba. To, halittar da damar haihuwarta kwanaki ne ƙalilan ba a jiran sai ta yi ƙaranci kafin a tausaya mata.

Akwai kuma riba. Gidan da tsutsar ke saƙawa ta kwanta kusan mako huɗu, a Indiya ana fitar da siliki mai ƙarfi daga cikinsa, ana kiransa fagara. Masu ɗinkin riga a ƙasar Hausa sun san darajar irin wannan, tunda zaren tsamiya ma tsutsar daji ce ke saƙa shi.