Kafin a ce "bod ya ƙone"

'Yan uwa masu karatun injiniya a nan Kudu, akwai ɗabi'ar da ke cinye mana lokaci. Da zarar injin CNC mai sassaƙa ƙarfe ya tsaya a wakshop, sai a yanke hukunci: "bod ya ƙone." A lulluɓe shi da tamfol ana jiran kaya daga waje, firojet ɗin mutane yana kwance.

Ni a ganina gaggawa ce kawai. A fara daga wutar da ke shigowa. Injin nan layi uku yake ci. In ɗaya ya ɗauke lokacin komawa janareta, ba zai tashi ba. Auna da mita. Sai fiyus, sai bolt 24 da ke ciyar da sashen sarrafawa. Jan maɓallin gaggawa da sauran makunnan tsaro galibi a jere suke kan layi ɗaya: waya guda ta saki ko ta yi tsatsa saboda danshin nan, injin duka ya yi shiru. Lambar da ta fito a allo kuwa, rubuta ta ka duba littafin injin.

Amma don Allah, kashe wuta ka jira mintoci kafin buɗe akwatin, kafasita na riƙe caji. Kada ka haɗa waya don tsallake makunnin tsaro.

Ku nemi ma'aikatan wakshop su koya muku karanta zanen wayoyi. Allah Ya ba mu sa'a.