Bedin Katsina daga ƙasa yake mutuwa

Duk wanda ya ratsa Katsina da bazara, daga Ƙofar Ƙaura zuwa GRA, in ya ɗaga kai zai ga bedin da rassansa na sama suka bushe ƙayau, na ƙasa kuwa da sauran ganye. Maigida na gani sai ya ce ƙwari ne, ya aika a sayo maganin feshi. Sau da yawa asarar kuɗi ce, domin ciwon yana can wajen saiwa.

An taɓa ganin irin wannan. Wajajen 1990 bedi ya fara lalacewa a Jamhuriyar Nijar, har cikin layukan kare iska na kwarin Majiya da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a 1975, abin ya kuma taɓa arewacin Najeriya. Ganye ya yi rawaya ya kakkaɓe, sai ɗan tuntu a ƙarshen dogon reshe. Masana daga Ingila da Amurka suka zo suka yi ta laluben ƙwayar cuta, ba su kama wadda za a ɗora wa laifin ba. Inda suka fi karkata shi ne wahala: ƙarancin ruwa da ƙasa mai tauri.

To, yau wahalar da hannunmu muke jawo ta. Mutum zai malala siminti ko ya shimfiɗa intalok a ƙofar gida har jikin gindin itace, ko ɗigon ruwan sama ba ya shiga. Masu haƙa magudanar ruwa su datse manyan saiwoyi ta gefe guda, bayan shekara biyu rabin itacen ya bushe, babu mai tuna dalili. A tara shara a gindinsa a cinna wuta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai sassaƙar ɓawo don magani, ya zagaye gindin gaba ɗaya. Abincin da ganye ya haɗa ta ƙarƙashin ɓawon nan yake sauka, in an yanke hanyar, saiwa yunwa za ta kashe ta. Yawan ruwa ma kisa yake: inda ruwan kwata ke kwanciya saiwa ruɓewa take, ganye ya yanƙwane kamar na fari, maigida ya ƙara tuttula ruwa.

Kafin ka kira mai gatari, kankare reshen da farce. In ka ga kore, da rai. A datse busasshen har inda itace ke da ɗanye, a sare reshen da kauci ya kama, a fasa simintin a bar aƙalla mita guda kewaye da gindi.

Itatuwan da shirin dashen itatuwa na KTAPU ya raba wa jama'a da tallafin Turai a ƙarshen shekarun 1980 yanzu sun haura shekara 30. Don kada a rasa irinsu, ina roƙon hukuma ta sanya sharaɗi a kowace kwangilar titi da magudanar ruwa: wanda ya datse saiwar itace ya dasa wani, ya kuma shayar da shi har ya kama.