Martani: Baƙar fata sun daɗe a filin ƙanƙara

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce hoki na ƙanƙara wasan Turawa ne zalla, baƙar fata ba su da abin tunawa a cikinsa. Wannan magana ba ta da tushe.

Tun 1895 baƙaƙen fata na Nova Scotia a Kanada suka kafa gasarsu, wadda ta taso daga majami'unsu, shekara 22 kafin a kafa babbar gasar hoki ta NHL a 1917. Rufe musu ƙofa aka yi, ba gazawa suka yi ba.

Ka manta da Willie O'Ree? Ranar 18 ga Janairu 1958 ya sa rigar Boston Bruins ya shiga fili a Montreal, baƙar fata na farko a NHL. Idonsa na dama ya riga ya mutu sakamakon bugun faifan wasan da ya same shi a fuska, amma ya ɓoye, don ya san da an ji za a sallame shi. Da ido ɗaya yake bin faifan da ke gudu kamar harsashi, ga zagin 'yan kallo a kunnensa. A 2022 Boston ta jingine lambarsa, 22, don girmamawa.

Ga kuma wasu baƙaƙen fatan: Grant Fuhr, tsohon mai tsaron gidan Edmonton, ya ɗauki kofin Stanley na zakarun NHL sau 5. Jarome Iginla kuwa, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a NHL.

Malam, ka gyara wannan magana a shafinka na gaba.