Daga Bakin Allo: Yaya Za Mu Gane Ƙwaya Ta Kama Yaro?

Mu malaman makaranta muna yini da 'ya'yanku, saboda haka sau da yawa mu ne muke fara ganin canji a jikin yaro kafin labari ya iso gida. A wannan wata za mu yi magana a kan tiramol, ƙwayar nan da ta shiga zangunanmu, tun daga Nima da Mamobi har Aboabo ta Kumasi.

Asalinta maganin ciwo mai tsanani ce, wadda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta yarda da mai miligiram 50 da 100, amma wadda ake sayarwa a ɓoye takan kai 225 ko 250. A 2018 gwamnati ta tsaurara doka a kanta, ta kuma hana maganin tari mai kodin. Duk da haka, a 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake shigo da wata ƙwayar mai haɗari daga Indiya, wadda samarinmu suke kira "Red". Tun da doka ita kaɗai ba ta tsare mana gida ba, dole mu sa ido da kanmu.

Da farko a duba jiki. Baƙin idonsa yakan tsuke ya yi ƙanƙane, ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ga yawan susa da gumi, ga rashin cin abinci da rama. Idan saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi yana shure-shure, kada a tsaya ga cewa iskoki ne, domin tiramol mai yawa tana jawo haka.

Sai hali. Yaron da ba ya fashin makaranta ya fara maƙalewa a hanya, ya bar ƙwallo, ya sake abokai, ya zama mai ɓoye-ɓoye da saurin fushi. Kuɗin cefane suna ɓacewa, waya ta "faɗi" sau biyu a wata guda. Uwa mai wanki takan tsinci fankon kwalin ƙwaya a aljihu.

Babbar alama ita ce wannan: wanda ya fara da ɗaya don ya jure aikin gini ko tuƙin babur, yanzu sai ya sha uku kafin ya ji daidai. Ranar da bai samu ba kuwa, sai hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, zawo da rashin barci, kamar mai zazzaɓi. Ya sha alwashin bari, ya kasa. A nan ne sha ya zama jaraba.

Amma fa a yi hattara. Alama ɗaya ba hujja ba ce. Zazzaɓin cizon sauro da rigimar balaga su ma suna canza yaro. Sai alamu sun taru, sun kuma daɗe.

In mun tabbata, me za mu yi? Bulala da ɗaurin mari ba sa fitar da ƙwaya daga jini, kora daga gida kuwa miƙa shi ne ga dillalai. A same shi lokacin da yake cikin hayyacinsa, a yi masa magana a keɓe, ban da gori. Kada a tilasta masa yankewa rana ɗaya, likita ne zai tsara yadda za a rage. Asibitocin Pantang da Ankaful suna karɓar irin waɗannan, kuma dokar 2020 ta ɗauki mai sha a matsayin mai bukatar magani. Idan numfashinsa ya yi ƙasa, an tashe shi bai tashi ba, a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti nan take.

Mun san kunya ce take rufe mana baki, kada a ce ɗan gidan wane ya lalace. To, ɓarin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya ga wani abu a jikin ɗansa, ya zo makaranta mu haɗa kai. Sai wata mai zuwa.