A Fito Da Darasin Ƙarfi Waje

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, mu 'yan ajin kimiyya muna da koke a kan yadda muke koyon Fiziks. Kowannenmu ya haddace dokar Isaac Newton ta biyu, wadda ya wallafa a 1687: haɗaɗɗen ƙarfin da ke aiki a kan abu daidai yake da mas ɗinsa sau ƙaruwar gudunsa. Amma da an ba mu ƙaruwar gudu mai fuska biyu, sai mu tara lambobi kamar masu ƙirga kuɗin gyaɗa, mu zubar da maki a jarrabawar WAEC.

Ga misali. A ce yara biyu na jan ragon Kirsimeti mai kilo 50 da igiya biyu. Gudunsa na ƙaruwa da mita 0.6 a daƙiƙa kowace daƙiƙa wajen gabas, da 0.8 wajen arewa. Ƙarfin gabas ya zama niyuton 30, na arewa 40. Yawancinmu za su rubuta 70. Kuskure ne! Ragon bai yi gabas ba, bai yi arewa ba, tsakani ya bi. Sai a zana kibiyoyin biyu, a yi aiki da dokar Pythagoras, a sami 50, a kusurwar digiri 53 daga gabas zuwa arewa. Wannan 50 ɗin har da turjiyar ragon a ciki, domin haɗaɗɗen ƙarfi shi ne abin da ya rage bayan kowa ya ja nasa. Wanda ya taɓa riƙe igiya ya san haka tun kafin ya ga allo.

Hasumiyar Gobarau ma malama ce. Ginin ƙasa ne mai tsayin kusan mita 15, ana danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ƙasa na jan ta, iskar hunturu na tura ta, harsashinta na tokare da ita. Ba ta motsi, saboda haka ƙaruwar gudunta sifiri ce, haɗaɗɗen ƙarfin ma sifiri. Ba wai babu ƙarfi ba ne, kowane ya sami mai soke shi. Sau nawa muka wuce ta ba mu lura ba?

Akwai kuma matsalar harshe. Da Hausa kalmar nauyi guda muke amfani da ita, alhali mas daban, nauyi daban. Mas yawan jikin abu ne, da kilo ake auna shi. Nauyi kuwa ƙarfi ne mai fuskantar ƙasa: na ragon nan ya kai niyuton 490. Malamin da ya tsaya ya warware mana wannan da Hausa na minti biyar bai karya dokar yin Turanci ba, ceton mu ya yi.

Wasu za su ce manhaja na da tsawo, lokaci kuma kaɗan. Gaskiya ne. Amma igiya biyu da buhun yashi ba sa cin kuɗi, filin ƙwallo kuma yana nan. Muna roƙon Shugaban Makaranta da malamanmu su ware mana darasi ɗaya a zangon farko mu ja buhu, sa'an nan ƙungiyar kimiyya ta kai mu Gobarau da littattafanmu a hannu.